Waƙafin da ya kusa mayar da ni shago

A shekarata ta farko a jami'a, darasi ɗaya ne ya tsaya mini a wuya: algèbre linéaire, lissafin nan da ake jera lambobi cikin baka ana juya su. Na faɗi jarrabawar farko. Dama ɗaya ta rage mini, kuma Baba ya riga ya faɗa, ba tare da ɗaga murya ba, cewa in na sake faɗuwa sai in zo in kama masa shagon takalma a unguwar Akwa. Ni kuwa ko warin sabon takalmi ba na so.

Malaminmu ba shi da laifi, ajin ne ya yi masa yawa, har kan taga ake zama. Sai na koma neman darasi a waya. Bidiyon Faransanci da na samu duk gudu suke yi kamar ana korar su. Da ƙyar na faɗa kan na wata mata da ba a ganin komai nata sai hannu da alƙalami, tana bi a hankali. Matsalar ɗaya ce, Ingilishi take yi, ni kuma Ingilishina bai wuce na cinikin kifi ba. Na ce ai lamba ba ta da yare, zan bi hannun kawai.

A shagon ɗinkin Gwaggo nake karatu, nan unguwar New Bell, don gidanmu ba ya rabo da baƙi. Gwaggo ƙanwar Baba ce, a aji huɗu na firamare aka cire ta, tun daga nan take kan keke. Daga Garoua har Kano mata ke turo mata awo ta waya.

Matar bidiyon ta rubuta (2,5), sannan ta zana kibiya. Ni dai tun ina ƙarama da Faransanci nake karatu, kuma yadda aka koya mini karanta 2,5 shi ne deux virgule cinq, wato biyu da rabi. To ta yaya biyu da rabi zai tafi dama, ya kuma hau sama? Kwana huɗu ina fama. Na cika takardu, na yaga, har na fara zagin baiwar Allah a fili, ina cewa ita ma ba ta iya ba, asarar data kawai.

Rana ta biyar Gwaggo ta tsayar da keke, ta leƙo da allura a baki, ta tambaye ni matar 'yar ina ce. Na ce ban sani ba, Ingilishi dai take yi. Ta cire allurar.

"Ke 'yar nan, wannan ba biyu da rabi ba ne. Biyu daban, biyar daban. Su mutanen Ingilishi ɗigo suke sa wa rabi, waƙafi kuwa raba abu yake yi."

Ta ba ni labarin yadda ta sani. Wata mata daga Kano ta taɓa rubuto mata yadi 2,5, tana nufin biyu na riga, biyar na zani da mayafi. Gwaggo ta yanka biyu da rabi, ta lalata shadda sabuwa fil. Ta ce tun daga ranar, kafin ta karanta lamba sai ta tambayi ƙasar mai rubutun.

Na mayar da bidiyon baya. Taku biyu dama, taku biyar sama, ga kibiya. Kunya ta kama ni, ni mai takardar bac ta gama sakandare, sannan wani irin girman Gwaggo ya cika mini zuciya, wanda har yau bai ragu ba. Sati uku na yi a gefen kekenta ina bin darussan ɗaya bayan ɗaya, ita tana ɗinkinta.

Ranar da sakamako ya fito, ban wuce gida ba, wurinta na fara tsayawa da babur. Na ce mata na ci. Ta yi hamdala, ta ce in je in gaya wa yayanta ya nemi mai tsaron shago. Har na kai ƙofa ta kira ni.

"Kar ki goge bidiyon nan. Ni a na bakwai na tsaya, inda take juya kibiyar. Ban ga yadda ta ƙare ba."

Na dawo na zauna, na ɗora wayar a kan keken, na kunna mata na bakwai.