Kwanon da Aka Mayar Cike

Tun ranar Kirsimeti nake cike da ƙanena Nasiru, kuma har yau ban huce ba. Mutum da gemunsa, da matarsa, da 'ya'yansa, amma ya tafka abin da ko ɗan yaye zai ji kunyarsa. Kafin in faɗi abin da ya yi sai na koma kan kakarmu, Inna Delu, don a gaban murhunta maganar ta samo asali.

A Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, aka haife mu. Inna tana tuyar ƙosai a ƙofar gida, daga la'asar zuwa bayan magariba. In ciniki ya lafa sai ta sauke kasko, mu kuma mu zagaye garwashin. Ba sanyi ke kawo mu ba, ɓurɓushin ƙosai ne da tatsuniya. Masu okada na wucewa, rediyon mai shayi na ta surutu, ita kuwa sai ta gyara zani ta ce, "Ga ta nan, yanzu ta sauko daga motar albasa." Mu ce, "Ta ƙaraso mu ji ta!"

Inna tana da doka guda: ba a mayar da kwano wayam. Duk wanda ya aiko da abinci, sai kwanonsa ya koma da wani abu, ko goro, ko daddawa, ko 'yar kuka. A wurinta mayar da kwano babu komai zagin kai ne.

To, akwai Mama Tunde, Bayarabiya kuma Kirista, mai injin markaɗe a unguwar Mokola, inda Inna ke kai wakenta. Duk Kirsimeti sai ta aiko mana da dafa-duka da kaza a wani babban kwanon samira mai furanni, an ɗaure shi da ɗankwali. Kazar ma Babanmu take kawo wa ya yanka, don kowa ya ci hankali kwance.

Shekarar da ta fara aikowa, Inna ta cika kwanon da alkaki ta mayar. Kafin magariba sai ga Mama Tunde da kanta, da alkakin a leda. Wayyo, ranar mun ga fushi! Inna ta miƙe da matsami a hannu.

"Mama Tunde, raina ni kika yi? Ko kin ɗauka ba ni da abin ba ki ne?"

Mama Tunde ta ɗan rusuna irin tasu. "Inna, ki yi haƙuri. Naman Sallah da kike aiko mini ina ramawa, abi? Amma na Keresimesi daban ne." Haka take kiran Kirsimeti. "Mu a wurinmu, Allah ne ya fara ba da kyauta. Ya ba duniya Yesu don yana ƙaunarta, ba don mun isa ba, kuma ba mu da abin sa masa a kwano. Shinkafar nan tunawa nake yi da haka. In kin cika kwanon, ya zama ciniki ke nan."

Inna ta ce, "Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata gare shi, mu ma mun san shi, ko da yake ba yadda kuka ɗauke shi ba. Amma ni a bar ni da bashi a wuya?"

"Ba bashi ba ne, Inna. Ki ci kawai."

Da ta tafi Inna ta zauna tana tsokanar garwashi kamar shi ya yi mata laifi. Mun ɗauka yau babu tatsuniya. Can sai ta fara, ko motar albasar ba ta ambata ba.

Wai an yi wani mutum da ake kira Na-Rama. In ka yi masa sannu ɗaya sai ya yi maka biyu. In ka ba shi goro, kafin ka kai gida ya aiko maka da ƙwarya guda. Ba kirki ba ne, tsoro yake kada a ce wani ya yi masa alheri. Da damina ta faɗi, ruwa ya sauka a gonarsa, sai ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya aiko wannan? Ni za a yi wa gori?" Ya tari ruwan a tulu, ya hau dutse, ya watsa shi sama, ruwan ya dawo masa a fuska. Da ya ga ramuwa ta gagara, sai ya kafa rumfar zana a kan gonar kaf, don kada ɗigo ya taɓa ta. Geron maƙwabta ya yi kai, nasa ya bushe. Yunwa ta kwantar da shi, har wata tsohuwa ta kawo masa fura. Ya shanye, ya duba ɗakinsa, babu ko ƙwayar da zai sa mata a ƙwarya. Ya riƙe ƙwaryar yana kuka. Tsohuwar ta ce, "Miƙo mini abata haka nan. Da ma a haka nake son ganinta."

Nan tatsuniyar ta ƙare. Nasiru, bakinsa duk man kaza, ya ce, "Inna, ke ce Na-Rama?"

Ta ɗaga matsami. "Maigida, in ba ka rufe mini baki ba, yau na sake ka!" Sai dariya ta ƙwace mata. Ta ce tatsuniya ta koma kasuwar Bodija neman motar gida, kowa ya tashi ya wanke hannu.

Daga shekarar nan Inna da kanta take wanke kwanon, ta goge, ta mayar wayam. Ba ta fasa sallarta ba, ba ta fasa tsaki ba in za ta miƙa shi, amma ba ta ƙara sa ko goro ba.

Yanzu Inna ta rasu, Baba ma haka. Mama Tunde ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi, 'ya'yanta duk suna Legas. Duk da haka bana ta aika aka yanka mata kaza wurin mahauci a Sabo, ta lallaɓa ta dafa, ta ba mai keke ya kai gidanmu na gado, inda Nasiru ke zaune. Shi kuwa ko ɗaurin bai kwance ba. Ya ce wa mai keken ya mayar mata. Matarsa ce ta kira ni ta faɗa mini.

Na same shi a shagonsa. Ya ce, "Yaya Uwani, ni fa na ji wa'azi a kai, kuma zuciyata ba ta kwanta ba."

Na ce, "Ban zo jayayyar ilimi da kai ba. Ba za ka ci ba, to, Allah ya ba ka lada. Ni na mutu ne da ba za ka aiko mini ba? Ko ƙafarka ta karye da ba za ka je ka yi mata bayani da bakinka ba? Matar da ta goya ka ranar da Umma ke asibiti! Kai da kake lashe murfin kwanon nan, yau kai ne mai mayar da shi ta hannun mai keke? Kai, Nasiru, ka ji kunya!"

Ya sunkuyar da kai, ni kuwa ban jira amsarsa ba. Na tari okada sai Mokola.

Na tarar da kwanon a kan tebur, da ɗaurinsa yadda ta yi shi. Tana ganina ta ce, "Uwani, laifi na yi? Musulmi ne ya yanka, Allah ya sani."

Na zauna a ƙasa, na kwance ɗankwalin, na yi bisimilla, na sa hannu. Shinkafar ta yi sanyi, ina ci hawaye na zuba, don haushi ba don komai ba. Na ci har na kasa, sauran na juye wa yarana a leda.

A nan zaune na gane abin da ya ci wa Inna rai a daren nan. Bayarwa ba ta taɓa yi mata wuya ba, mu duka mun iya ta, har da taƙama. Karɓa ce mai wuya, ka yarda wani ya so ka alhali ba ka da abin biya. Mama Tunde ta gina imaninta a kan haka, Inna kuma ta girmama shi ba tare da ta bar nata ba. Sai ga jikan Inna ya mayar da kwanon cike, da abincin mai shi a ciki.

Na wanke kwanon, na goge, na miƙa mata. Ta leƙa ciki, ta shafa da yatsa, ta ce, "Yauwa."

Na ce, "Mama, baɗi gidana za ki aiko."

Ta dubi gwiwoyinta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Bana ma a zaune na dafa, 'yata."