Baƙon Yaya Hassiya ba ya cin sadaka

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Hassiya makwancinta a nan Tanut. Na so in yi mata addu'a kawai in yi shiru, kamar yadda ya kamaci ƙane. Amma wallahi raina a ɓace yake, kuma ita ma da tana nan ba za ta yi shiru ba.

Ga wanda bai san ta ba: gidanta na bayan gidan likita, kuma nan ne masaukin mutanen ƙauye da aka kwantar musu da yara. Uwa da ɗanta kaɗai ake riƙewa a cikin gidan likitan. To kakar da ta rako su fa? Yayyen yaron da ba wanda za a bar wa a gida fa? Da can gindin katanga suke zubewa, rana ta gasa su, har uwar ta gaji ta saɓa ɗanta ta tafi magani bai ƙare ba. Yaya ce ta share ɗakuna biyu ta ce su shigo. Daga Ollelewa, daga Tarka, har daga Belbeji, kowa ya san ƙofarta.

Ɗaki kowa na iya bayarwa. Amma mutumin ƙasarmu ta Damargu, ku ma kun sani, gara ya wuni da yunwa da a ce ya ci sadaka. Ka ajiye masa tuwo ya ce, "Alhamdu lillahi, yanzu na ci," alhali cikinsa na kuka. Yaya ta san halinmu sarai, shi ya sa ba ta taɓa ce wa baƙuwa "zo ki ci" ba. Kina sauke kaya za ta miƙo miki taɓarya, fuska a murtuke: "Ke, gidan nan ba a zaman banza. Ga gero can." Tsohuwa a ba ta tsinkar yakuwa, namiji a tura shi ɗebo ruwa. In abinci ya nuna kowa ya sa hannu ba jin nauyi, don guminsa yake ci. Wanda ya ci ya ƙoshi kuwa yana iya jiran likita ya sallame shi.

Bayan rasuwarta 'ya'yanta ba su rufe gidan ba, Allah ya yi musu albarka. Babbansu, Laminu, ya tara abokai suka kafa ƙungiya. An shafe ɗakunan da siminti, an ja famfo, an rubuta sunanta da fenti a bango, an ɗauki mai girki. Yanzu baƙo ko tsintsiya ba ya taɓawa. Sai lokacin rabo a jera su, kowa da kwano a hannu, a ɗaga waya a ɗauki hoto, wai don masu taimako na Damagaram da Yamai su ga inda abinsu ke zuwa. Haba jama'a! Da Yaya ta ga wannan layi, na rantse da wayar ta kwana cikin randa.

A daminar bana wata Ramatu ta zo daga wani ƙauyen Tarka da 'yarta ƙarama, tamowa da zazzaɓi sun cinye ta. Uwar mijinta ce ta rako ta, ita ta sauka gidan Yaya da sauran yaran. Yarinyar ta fara farfaɗowa, har tana karɓar madara, likitoci suka ce a ƙara haƙuri kaɗan. Sai 'yan ƙungiya suka tarar da Ramatu zaune da ita a cinya, suka ajiye mata kwanon shinkafa, suka ɗauki hoto. Hoton ya riga kowa isa Tarka. Magana ta zaga ƙauye, wai iyalin wane sun tafi Tanut bara.

Na iske tsohuwar tana ɗaure kaya. Na ce, "Inna, ki dubi Allah, ki bari a ƙare maganin nan."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Malam, mu jinya muka zo, ba roƙo ba. Ɗana yana da rumbu."

Ramatu tana tsaye, idonta jawur, amma wace ce ita da za ta yi magana gaban uwar miji? Ranar kasuwa suka hau mota da yarinyar.

Na kira Laminu na wanke shi tas. Sai ya buɗe baki ya ce, "Kawu, me muka rage su da shi? Inna tuwon gero take bayarwa, mu fa shinkafa." Kun ji fa! Yaron kirki ne, zuciyarsa fara, amma ya gaji gidan uwarsa bai gaji idonta ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: ba mugu ko ɗaya cikin maganar.

Ina ta tambayar kaina me ya rage na Yaya. Ginin yana nan, ya ma fi da kyau. Amma in kana son ganin gadonta, tari tsofaffin baƙinta a kasuwa. Har yau ban ji wanda ya ce ta ciyar da shi ba. Abin da suke cewa, "Allah ya jiƙan Hassiya, mun taya ta aiki lokacin jinyar yaronmu." Ta ba su abinci, ta bar musu mutuncinsu, har ba su san an ba su ba.

Makon jiya mijin Ramatu ya zo. Ya same mu ni da Laminu a zauren gidan Yaya, ya zauna, muka gaisa, ya tambayi gida da gona, kafin ya ce yarinyar ta rasu bayan komawarsu.

"Ba ƙara na kawo ba," in ji shi. "Kwananta ne ya ƙare. Abu guda nake roƙo, ku cire hoton nan. Uwarta tana ta ganinsa a wayoyin mutane."

Laminu ya goge na wayarsa a gabansa. Mutumin ya yi godiya, ya tambaya ko shi ke nan hoton ya fita daga sauran wayoyin.