Ranar da Motata ta Kulle Surukata

Shekara goma sha tara na yi ina jan tsohuwar motata, ba ta taɓa yi mini wayo ba. Ta sha macewa a tsakiyar titi, ta sha sa ni turi da babbar riga, amma ƙofarta dai in na ce buɗe sai ta buɗe. Ran da makulli ya ɓace, da wutsiyar cokali na tada ta na kai kaina ofis. Sai da na kusa ritaya 'ya'yana suka taso ni gaba, wai Baba ka rabu da akwalar nan, kana ba mu kunya a wurin ɗaurin aure. Suka haɗa hannu, aka kawo mini wata 'yar Kwatano baƙa wuluk har ƙofar gida, lungunmu na bayan hasumiyar Gobarau a Katsina da ƙyar ta shige shi.

Dillalin da ya kawo ta ya miƙo mini wani ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana. Na ce ina makullin? Ya ce, "Alhaji ai shi ke nan a hannunka, rimot ne. Ba a soka komai. In dai yana jikinka ko yana cikin motar, danna nan kawai ta tashi." Na ce ina na biyu? Ya ce ɗaya ta zo da shi. Sannan ya ƙara da alfahari, kamar shi ya ƙera ta, wai in ka fita ka manta ba ka kulle ba, ita da kanta za ta kulle kanta, saboda tana da hankali. Na ce to madalla, Allah ya sa kada hankalin nata ya fi nawa. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Sati bai zagayo ba na fara ganin hankalin. Rimot ɗin nan yana aljihun wandona, ina yin ruku'u a masallacin unguwa sai motar ta ɗauki ihu a waje, liman na karatu tana amsa masa. Wata rana na yi sujada, but ɗin bayan motar ya buɗe, muka fito muka tarar akuyar maƙwabcina ta sa kai tana cin alayyahon cefane. Dattawan sahun gaba suka fara matsawa in na shigo. Da na gaji sai na mai da shi aljihun babbar riga, wannan mai zurfi na ƙirji, inda ba abin da ke danne shi. In zafi ya yi na tuɓe rigar na ninke ta a kujerar gaba, tana nan da makullinta, mota ta tashi lafiya lau, in zan fita in ɗauki abata.

Yanzu sai in faɗa muku wace ce surukata. Matata ita ce ɗiyarta ta fari, ko sunanta tsohuwar ba ta faɗa don kunya, balle nawa, ni da na zo na aure ta. Shekara talatin da ɗaya, ban taɓa ganin ta ci abinci ba, ban taɓa ganin fuskarta gaba da gaba ba. In na je gaisuwa Batagarawa, a bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa daga bayan labule, kalma biyu uku shi ke nan. In tana da magana da ni, ga ni zaune, sai ta dubi bango ta ce wa 'yarta, "A ce mashi an gode." Ni kuwa ban taɓa jin haushi ba. Da haka na gan ta, kuma har alfahari nake a majalisa ina cewa irin surukata ta ƙare a duniya.

Tana da hawan jini, don haka duk wata mukan ɗauko ta mu kai ta ganin likita a cikin gari. Ran nan ana tsakiyar bazara, irin zafin da ko ƙadangare ba ya fita. Mun fito daga asibiti wajen azahar, su biyu suna baya, esi na hura sanyi, gilasai a rufe, rigata a ninke a gaba. Muna zuwa daidai Babbar Kasuwa sai matata ta ce in ɗan tsaya, minti biyar, za ta ɗauko atamfar anko. Duk wanda ya yi aure ya san minti biyar ɗin layin 'yan atamfa. Ta zari 'yar jakar kuɗinta ta fice, ta bar babbar jakar a kujera.

Na kashe mota, don man fetur na yanzu ba abin da za ka bari yana ƙonewa a tsaye ba ne. Ni da surukata, mu biyu, a ɗaki ɗaya na ƙarfe! Na dubi sitiyari, na dubi madubi, na yi maza na kau da ido don kada in gan ta a ciki. Na ji ba zan iya ba. Na ce bari in fita in zagaya in buɗe mata ƙofar baya ta sha iska, ni kuma in koma can gindin rumfa in tsaya. Na fita, na turo ƙofa da hannu kamar yadda na saba, ban ɗauki rigar ba.

Ban kai ga zagayawa ba sai ga wani tsohon abokin aikina, rabona da shi tun rasuwar yayansa. Ka ce in wuce shi? Muka kama hannu. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙan Malam, ya wajen su Hajiya, ya jikin naka, ya aka ji da tsadar nan. Mun kai wajen ya yara ke nan na ji ƙit a bayana. Na waiwaya, na ga madubai biyun nan na gefen motar suna naɗe kunnuwansu a hankali.

Na ja ƙofar direba, ko motsi. Na ja ta baya, na ja ta ɗaya ɓarin. Na laluba ƙirjina, ba riga balle aljihu. Ga ta can a kujera, a ninke tsaf, har guga na sheƙi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na ciro waya na kira matata, sai na ga jakar da ke kusa da tsohuwa tana haske tana rawa. Na roƙi abokin nan nawa ya shiga kasuwa ya nemo mini mace mai shuɗin mayafi a layin 'yan atamfa. Ya dube ni, ya dubi kasuwar, ya ce to Allah ya sa a dace, ya tafi.

Na matsa jikin gilashi, idona a ƙasa, na ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya. Surukata ta ja mayafi ta juya fuska ɗaya gefen. Can da zafi ya fara isarta na ga ta lallaɓa ta ja mariƙin ƙofa ta ciki, sau biyu. Bai buɗe ba. Ashe irin kullen nan ne da aka yi don ɓarayin ƙasar Turawa, in ta datse, ko daga ciki ba ta buɗuwa sai da rimot. Na kira dillali, ya ce, "Haba Alhaji, ai ba ta kullewa in makulli yana ciki." Na ce to zo ka faɗa mata, ni ba ta jin maganata. Ya ce halan batirin rimot ɗin ne ya yi sanyi, kuma shi yanzu haka yana Kano.

Kafin ka ce kwabo an taru. Katsina ba a rasa masana. Wani ya zo da waya ta shanya, ya yi ta zura ta gefen gilashi yana neman ɗan maɓallin da ake ja sama, motar kuwa ba ta da shi. Wani ya ce a jijjiga ta. Wani mai gilashin ido ya rantse in aka daki tayar baya sau uku tana buɗewa, a waya ya gani. Aka daka sau tara. Duk wanda ya iso sai ya kifa hannu a gilashi ya leƙa, tsohuwa kuwa tana ganin fuskokin maza sai ta ƙara dunƙulewa cikin mayafi. Na ga zufa ta jiƙa mayafin ta baya, ya manne mata a wuya.

Wata dattijuwa mai sayar da fura ta ajiye ludayinta ta ture mazan nan. "Ku ba ni wuri, kun cika ta da ido!" Ta tambaye ni mi za a yi, na faɗa mata. Ta kafa baki a tsagin ƙofa ta ɗaga murya: "Hajiya! Ga riga nan gabanki, miƙa hannu ki sa a aljihu, akwai ɗan baƙin abu, ki ciro ki danna!" Surukata ta ji sarai. Ta dubi rigar, ta ɗaga hannu alamar ta wa ce. Mai fura ta nuna ni. Tsohuwa ta girgiza kai sau ɗaya, ta koma ta jingina, ta ciro carbi.

Mai fura ta juyo. "Kai mi nene ɗinta?"

Na ce surukinta ne, mijin ɗiyarta ta fari.

Ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! To ai sai Allah." Ba ta ma sake gwadawa ba.

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba. Na durƙusa a kan kwalta mai zafi, na ɗaga kai na dube ta ta gilashi, na buɗe murya gaban duk jama'a. "Inna! Don Allah, don Annabi, ki sa hannu! Na yafe, na halatta miki! Ba komai a ciki sai makulli da ɓarin goro!" Wasu suka kwashe da dariya, Allah ya isa tsakanina da su. Ita kuwa rufe ido ta yi. Na ci gaba da roƙo har muryata ta dishe. Ina kallon yatsunta suna jan carbin, suna ja, suna rage sauri, har suka tsaya. Kanta ya karkata ya jingina da jakar 'yarta.

Na ce a ba ni dutse. Sai masana suka sake tasowa, wai Alhaji kada ka fasa, gilashin irin wannan motar ba a samun shi a garin nan, ka ɗan jira mai gyaran rimot. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: na tsaya. Dutse yana hannuna, uwar matata tana sheme a ciki, ni kuma na ja numfashi biyu ko uku ina tunanin inda zan samo gilashi. Har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina ta rufe ni.

Na maka dutsen a gilashin ƙofar gaba na gefen rigar. Ya yi tsalle ya dawo ya kusa fasa mini goshi. Wani mai faci ya miƙo ƙarfen da yake ɓamɓare taya da shi, ya ce in daki kusurwa. Na daka da duk ƙarfina, gilashi ya zube, mota ta fasa ihu kamar an yanka ta. Na zura hannu na finciko rigar, na ciro tsinannen abin na danna. But ya buɗe. Na sake dannawa, sannan ta ga dama ta saki ƙofofi.

Mai fura da wasu mata biyu suka ciro ta suka kwantar a inuwar rumfa, aka yayyafa mata ruwa, ana yi mata fifita da faifai. Ni na koma gefe na tsaya, ina salati a zuci. Can sai ga matata a guje, takalmi ɗaya a hannu, abokina na bayanta yana haki. Ta faɗi kan uwarta tana kuka. Sai da aka ɗauki lokaci tsohuwa ta yi ajiyar zuciya ta buɗe ido, ta kurɓi ruwa. Abu na farko da ta yi, ta laluba mayafinta ta gyara.

Da mai fura ta ba matata labari, sai kukan ya koma faɗa. "Haba Inna! Aljihu ne fa kawai! So kike ki mutu a bar mu da abin faɗa?"

Tsohuwa ta yi magana a hankali, amma kowa ya ji. "Shekara arba'in na yi da ubanki, ban taɓa sa hannu aljihunshi ba. Ko wanki zan yi sai ya zazzage da kanshi. Sai yau da tsufana, tsakiyar kasuwa, in sa a na mijin ɗiyata?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na ji kamar in ce, to da kin mutu fa, wa za a ce ya kashe ki, ni ko kunya? Maganar ta zo har bakina. Ina tsaye ina haɗiye ta, sai na ga ta kama bakin mayafinta, ta sa haƙori ta yage shi, ta miƙa wa 'yarta ƙyallen. Ba ta dubi inda nake ba.

"A ɗaure mashi hannun nan. Tun ɗazu jini ke zuba."

Na duba. Gilashi ya tsaga ni daga wuyan hannu har kusa da gwiwa, hannun rigata ta ciki ya rine, ya ɗiga har kan takalmi. Ban sani ba, kuma duk taron nan mai ido ɗari ba wanda ya lura sai ita. Matata ta zo tana ɗaure mini, motar tana can tana ta ihunta ba mai kula ta. Na juya fuskata wajen rumfunan 'yan hatsi, na daɗe ban juyo ba.