Metir Kaltumi da Hannun da Ya Nuna Bilya

Shagona na taya yana ƙasa, ofishin Metir Kaltumi yana sama, a wani tsohon bene da ke kan hanyar gadar Binuwai a Garwa. Metir shi ne yadda muke kiran lauya a nan, bakin Faransanci ne. Ni dai ba na kiranta haka sai a gaban baƙi. Taubashiyata ce, 'yar Goggo Mairamu, saboda haka Hankaka nake ce mata, don baƙar rigar kotun nan tata mai farin ƙyalle a ƙirji. Ita kuma ta ce mini Sarkin Faci, mu rabu ba wanda ya ci wani.

Mutane suna cewa Metir Kaltumi mai tausayi ce. Gaskiya ne, amma ba tausayi ne ya kai ta karatun shari'a ba. Ni na san abin da ya kai ta, kuma ba zan shafa masa mai ba.

Ubansu, Ɗanmalam mai goro, ya rasu tun tana ƙarama. Yayanta Bilya ne ya ɗauki gidan. Rediyo da batir yake sarowa daga wajen Mayo-Ulo ya kasa a kasuwa, da wannan ya riƙe uwarsu, da wannan ya riƙe ƙanwarsa a makarantar boko, duk da surutun dangi. A ƙarshen shekarun 1990 'yan tare hanya, waɗanda muke kira zargina, suka hana kowa sakat. Sai aka turo wasu masu kaki su kawo ƙarshensu, su kuwa ba sa wahalar da kansu da kotu. A nuna musu mutum, su ɗauke shi, shi ke nan.

Wata ranar kasuwa da tsakar rana, Kaltumi ta taso makaranta ta biya rumfar yayanta. Tana tsaye wata mota mai rufi ta masu kakin nan ta tsaya. A kujerar baya akwai mutum ya naɗe fuska da rawani, ido kaɗai a waje. Ya ziro hannu ta taga ya nuna Bilya. Fuska ce ya rufe, ya manta da hannunsa. Hannun yana da cindo, ɗan yatsa na shida a gefen ƙaramin. Duk unguwarmu kuwa mutum ɗaya ne mai cindo a hannun dama, Sulaimanu dillalin shanu, maƙwabcinsu, wanda ya ci tuwon sunan Bilya.

Daga ranar ba a sake ganin Bilya ba. Kaltumi ta faɗi abin da ta gani, manya suka ce ta rufe bakinta kada ta jawo wa gidan wata masifar. Kowa ya san ɗan Sulaimanu, Brahim, shi ne ke kwana a daji ya dawo da sabon babur. Masu kakin suka matsa wa uban ya kawo suna, sai ya fanshi ɗansa da maraya. Dukanmu mun sani, dukanmu muka yi shiru, muka ci gaba da bin sahu ɗaya da shi a masallaci.

Abin da ya fi ci wa gidan rai shi ne ba gawa. Ba a wanke Bilya ba, ba a sallace shi ba, ba a yi zaman makoki ba. Duk wadda ta shiga da niyyar ta'aziyya, Goggo Mairamu sai ta dakatar da ita tun daga bakin ƙofa.

"Wa ya ce miki ya mutu? Ke kika wanke shi? Ku kawo mini wanda ya gani, sai in karɓi gaisuwa."

Haka ta zauna shekara da shekaru, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi dariya ba.

Kaltumi ta gama sakandare, ta tafi jami'a a Ngaundere da kuɗin awarwaron uwarta, ta yi koyon aiki a Yawunde wurin wata tsohuwar lauya, Metir Geneviève. An so ta zauna can inda ake samu, ta ƙi. Ta dawo Garwa ta hau benen nan, ta sa tebur ɗaya da kujerun roba.

Aikinta na waɗanda aka manta da su ne. Ta fito da wani manomi daga Mindif da ya tsufa a kurkuku a kan zargin akuya, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke a iyaka, matan Kolofata suka riƙa cika mini shago, suna zama kan tayoyina suna jiran layi, kowacce an ɗauke mata miji ko ɗa, ba ta san inda aka kai shi ba. Tambayar farko da Kaltumi take yi musu ba ta canzawa: "Wa ya gan shi ƙarshe?" Daga nan sai ta hau 'yar motarta, ta bi caji ofis da gidajen yari har Marwa, tana kiran suna har sai an gaji da ita. Wasu ta dawo da su a raye, wasu ta dawo wa iyalinsu da sanin inda aka binne su, ta ce wannan ma haƙƙi ne. Ni na san yawan maƙiyanta, don ni nake yi wa tayoyinta faci duk lokacin da aka tsaga mata su da wuƙa.

Shari'a ɗaya ce ta gagare ta, ta yayanta. Ta shigar da ƙara, aka ce ba shaida. Ta sake, aka ce takardun sun ɓace. Amma ba ta bar Sulaimanu ya huta ba. Duk inda ta gan shi sai ta tsayar da mota, ta fito, ta rusuna kamar 'yar kirki.

"Barka da rana, Baba. Ya jiki? Ya hannu?"

Ba ta taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Tun yana amsawa har ya koma tura hannun cikin babbar riga da zarar ya hango motarta. Na taɓa ce mata, "Hankaka, wannan ai azaba ce." Ta ce, "To, da me ka ɗauka nake yi?"

Tsufa ya kama Sulaimanu. Brahim ɗin da ya fansa ya tsallaka Cadi, bai sake waiwayo ba. Sai tsoho ya sayar da sauran shanunsa ya biya kujerar Makka. Kun san al'adarmu: maniyyaci ba ya tashi sai ya bi gida-gida ya yi bankwana, ya nemi gafarar mutane, don ba a zuwa ɗakin Allah da haƙƙin wani a wuya. Ya zaga unguwa kaf, ana ce masa an yafe, Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya. Gida ɗaya ya tsallake. Liman ne ya kira shi gefe ya ce masa, "Malam Sulaimanu, gidan da ka bari shi ne wanda ya kamata ka fara."

Ranar da ya zo gidan Goggo Mairamu, bayan la'asar, Kaltumi ta aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaure ya takure kan tabarma, liman na gefensa, Goggo Mairamu kuma tana bayan labule, don idonta ya riga ya yi rauni.

"Ɗiyata," ya ce, "tafiya ta zo. In akwai abin da na yi muku, da sani ko da kuskure, ku yafe mini."

"Wane abu ke nan, Baba? Ni lauya ce, ba na yafe abin da ba a ambata ba."

Ya dubi liman, ya dubi labulen. Sannan ya fito da hannun daga cikin riga ya ɗora kan gwiwa. Ya ce shi ya nuna Bilya. Ya ce shi ma masu kakin ba su sauke shi a gari ba, da shi aka tafi har inda aka yi abin da aka yi, don kada ya tona. Ya ce yana iya gane wurin.

Washegari muka bi hanyar Mayo-Ulo. Ya tsayar da mu a bakin wani busasshen rafi, gindin wata tsamiya, kewaye da gonar auduga. Ya nuna ƙasa, da hannun nan dai. Kaltumi ta tsaya ta ƙare wa wurin kallo. Da muka juyo ya ce, "To ɗiyata, na sauke nauyi."

"Saura, Baba. Mamaci sai an yi shelarsa. Ba mu da namiji babba a gida, kai ne maƙwabci, kai kuma ka gani. Gidajen da ka bi kana bankwana, ka sake bin su ka sanar da rasuwar Bilya. Ka faɗi yadda ya rasu."

Na zaci zai ƙi. Amma jirgi na jiransa, mutuwa ma yana jin ƙamshinta. Ya bi su, ni ina biye da shi don kada ya rage komai. A kowace ƙofa sai ya yi sallama ya ce, "Bilya na Ɗanmalam ya rasu. Ba ɓarawo ba ne. Ni na nuna shi." Mutanen da suka yafe masa kwanakin baya suka tsaya suna kallon ƙasa, don sun san da nasu kason a cikin shirun. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin ƙashina. Ramuwar gayya ai ta fi ta gayya zafi.

Liman ya ja mutane muka je gindin tsamiya muka yi wa Bilya sallar da ba a yi masa ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Matar farko da ta shiga ta ce, "Ya haƙuri, Mairamu?" sai Goggo ta buɗe baki za ta amsa, kukan da ta riƙe tun Kaltumi na 'yar makaranta ya ƙwace mata. Har waje muna jinta.

Ranar sadakar uku Sulaimanu ya matso kusa da Kaltumi a bakin zaure, a gaban kowa. Ya rame kamar an tsame kaza daga ruwa.

"Metir, na yi duk abin da kika ce. Yanzu kin yafe mini?"

"Nawa na yafe, Baba, kuɗin makarantar da na rasa da kwanan yunwa. Inna ma ta ce ta yafe nata. Amma ba ni ka nuna ba. Mai haƙƙin yana gindin tsamiya, ka san hanya. Je ka tambaye shi."

Ya duba liman ko zai sa baki. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, don ya san ba ta faɗi ƙarya ba.

Ya tafi Makka, ya dawo lafiya. Kaltumi ta sake shigar da ƙara, wannan karon da unguwa guda ta shaidu, shari'ar tana nan tana jan ƙafa irin ta kotunanmu. Ita ma tana nan a sama, matan da ke jiranta suna nan kan tayoyina. Shi kuwa, masu babur ɗin haya sun ce duk Juma'a bayan an sauko yakan ɗauki ɗaya daga cikinsu zuwa hanyar Mayo-Ulo. Ya sauka a bakin rafin, ya tsuguna gindin tsamiya yana magana ƙasa-ƙasa, sannan ya yi shiru yana saurare. Har yau dai ba a amsa masa ba.