Baba Magatakarda, Ran Litinin Za a Kira Shari'ar Daudu

Da hantsin Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024, ina cikin aji a Gwiwa aka bugo mini waya cewa Allah Ya yi wa Malam Muhammadu Lawal, tsohon magatakardar kotu, rasuwa a gidansa da ke Kazaure. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A kan bencin ɗalibai na zauna.

Baba, shekara talatin ka yi kana rubuta hukuncin alƙalai. Da ka ajiye aiki, zaurenka ya koma wurin da talaka ke zuwa ya ji matsayinsa a gaban doka. Uwar da aka kama ɗanta a kasuwar Babura, makiyayin da aka tsare a Roni, duk kai suke nema. Ko goro ba ka karɓa, kai ne ma mai sa a damo musu fura. Ga ka da faɗa: "Wa ya ce ka dangwala hannu a takardar da ba a karanta maka ba?" Kana gama faɗan kuma sai ka ɗauki hularka ka raka mutum.

Da samarin wata ƙungiya suka buɗe layin waya mai amsa tambayoyin shari'a, muryarka suka naɗa. Mutum ya yi tambaya, na'ura ta zaɓo masa amsa. Ka sha tsokanarsu cewa na'urarsu tana jin tambaya amma ba ta ganin fuskar mai yin ta.

Ashe a kaina maganar za ta faɗa. Rumbun maƙwabcinmu ya ƙone, aka ce ƙanena Daudu ne ya cinna wutar saboda sun taɓa rigimar iyakar gona, alhali ranar yana Yankwashi wajen suna. Na kira layin na tambaya ko doka ta yarda da sulhu. Muryarka ta ce ta yarda. Sai dattawanmu suka je ba da haƙuri, yadda muke yi idan maƙwabci ya yi asara, da laifi ko babu. Washegari 'yan sanda suka rubuta cewa dangi sun amsa laifi. Wata guda ke nan Daudu yana tsare.

Da na zo maka ina kuka, ka ce, "Rahamatu, muryata ce ta kai ku?" Na ce, "Taka ce, Baba." Ka ce, "To ni zan fito da ku." A gabana ka sa aka cire amsar daga layin. Da ciwon ƙafarka ka hau acaɓa har Yankwashi, ka nemo waɗanda suka ci tuwon suna tare da Daudu, ka rubuta sunayensu a ɗan littafinka. Ka ce ka yi magana da wani lauya. Ban tambayi sunansa ba, don ina da kai.

Yanzu littafin yana ɗakinka. Sau biyu na je gaisuwa, na tarar da matarka Hajiya Shatu cikin takaba, na fito ban tambaye ta littafin ba. Jiya na sake kiran layin na ce wa zai tsaya wa ƙanena, muryarka ta ce in nemi lauya. Wallahi Baba, tsoro nake ji, ban san ƙofar da zan buga ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kai ma ka samu mai tsaya maka ranar hisabi. Hajiya Shatu da 'ya'ya da jikoki da jama'ar Kazaure, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, ku kuma yafe mini da na kawo bukatata cikin makokinku.

Kai kuma lauyan da Baba ya yi wa magana, idan wannan rubutu ya iso gare ka, ran Litinin ne za a kira shari'ar Daudu, ƙarfe tara na safe. Zan tsaya a bakin ƙofar kotu. Ban san fuskarka ba, don Allah kai ka neme ni.