Buzun da ya tada wutar Kawu

Jiya ina zaune a maƙerar Kawu Ila, ina ba shi labarin littafin da nake karantawa a waya: wani jarumi ne a duniyar dodanni ya ajiye takobi ya koma ƙira. Babu yaƙi, sai hauya da shayi. Da gangan na ɗauko zancen, don tun da Kawu ya tashi daga jinya ya ce ya bar sana'a.

Ya saurara, amma bai ɗauki guduma ba.

Sai ga tsoho Agali da gatarinsa da ya tsage. Buzu ne, kun kuwa san wasan Buzu da maƙeri.

"Bawana, ashe kana da rai? An ce mani guduma ta fi ƙarfinka. Bari in kai wa maƙeran Sabon Maci."

"Aje nan, ɓarawon awaki," in ji Kawu. Ya dube ni. "Kai mai dodanni, kama zuga-zugi."

Kawu ya ɗauki guduma, gatari ya gyaru. Agali yana kushe aikin yana murmushi.

Ashe wani mutum lallashi ba ya tada shi, sai tsokanar tsohon aboki. Ku wa ke yi muku irin wannan?