Amsar da Maccido Ya Ba Bature

Duk wanda ya san Illela a shekarun da Turawa suka gama jan iyaka tsakaninta da Birnin Ƙonni ya san Maccido mai jaka. Mutumin Tozai ne, dogo siriri, ƙafa duk faso. Noma bai karɓe shi ba, fatauci kuma ya gwada sau ɗaya ya dawo da igiyar jaki kawai. Abin da Allah ya ba shi tafiya ce. Shekara goma sha ɗaya yana saɓo jakar wasiƙu daga Sakkwato, ya biyo ta Kware da Gwadabawa, ya sauke ta ran Alhamis a wata 'yar rumfa bakin kasuwa. Rumfar nan ita ce gidan wayar garin, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin waya a cikinta.

Bai iya karatu ba, amma ya san wasiƙar kowa da ninkinta. Ta ƙanensa Junaidu, mai haƙar kuza a Jos, kusurwa uku take zuwa. Su biyu suka rage wa juna a duniya, don haka ita yake fara kai wa liman tun bai wanke ƙafa ba.

Wata bazara Bature ya zo rangadi. Ana son rage irin waɗannan rumfuna, amma wai sai an ji ta bakin jama'a. Aka taru a ƙofar hakimi. Tafinta ya tambaya ko garin na bukatar rumfar. Wa zai riga hakimi magana? Shi kuwa hakimi, don ya girmama mai aiki, sai ya ce a tambayi Maccido. Kowa ya saki jiki, tunda ai shi ya san abin da yake ɗaukowa.

"Bature na tambaya," in ji tafinta, "jakag ga tana da nauyi?"

Maccido ya durƙusa. A makon nan kafaɗarsa har ta sale. Amma a inda ya tashi, namiji ba ya kukan kayansa a gaban manya. Amsar farko ta ladabi ce. Sai an sake tambaya, an matsa, sannan gaskiya take fitowa.

"Ranka shi daɗe, mi an nauyinta? 'Yan takardu na ɗai."

Ya sunkuyar da kai yana jiran tambaya ta biyu. Ya ma shirya amsarta: matan da mazansu ke aikin layin dogo, da dattawan da 'ya'yansu ke soja. Bature ya yi ɗan rubutu, ya rufe littafinsa, ya nemi a kawo masa doki. Ashe shi sau ɗaya yake tambaya.

Kafin damina aka rufe rumfar. Wasiƙun Illela suka koma zama a Sakkwato har a sami matafiyin da zai yi arewa. Ba wanda ya zargi Maccido a fuska, kuma wannan ya fi masa ciwo.

Bayan kaka wani bafataken goro ya miƙo masa takarda mai kusurwa uku, duk ta yi ja. Ya ce afuwa, ya manta da ita cikin kaya, har garin Tawa ta je ta dawo. Liman ya karanta a hankali. Junaidu ne ke cewa ƙirji ya kama shi, yaya ya zo ya ɗauke shi kafin ruwa ya sauka. Wata biyar ke nan da rubuta ta. Labarin rasuwarsa kuwa ya riga ya iso da baki, har an yi sadakar bakwai.

Maccido ya ƙara shekara ashirin yana noman da bai iya ba a Tozai. Mutane suka ce tsufa ya ɓata masa gaisuwa, don in ka ce masa, "Baba, ina gajiya?" ba ya cewa babu.

"Akwai ta," yake cewa tun a tambayar farko.